Yadda za ku gyara hanyar ƙauyenku ku kafa mata alamomi: jagora ga mutanen kewayen Jos

Duk wanda ya taɓa ɗauko kabeji ko dankali daga gona zuwa kasuwar Farin Gada a watan Agusta ya san abin da nake magana a kai. Mota ta kafe a taɓo, kaya suna lalacewa, direba yana rantsuwa ba zai sake shigowa ba sai an ninka masa kuɗi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne naƙuda ta tashi da tsakar dare, a rasa mai abin hawan da zai yarda ya shigo. Na yi shekaru ina riƙe da littafin kwamitin hanya a ƙauyenmu, can gefen hanyar Zariya bayan an wuce Mista Ali. A shekararmu ta farko mun tara kuɗi da ƙyar, muka sayi jar ƙasa tifa bayan tifa muka cike ramuka a watan Yuni. Kafin ƙarshen Agusta ruwa ya kwashe ta gaba ɗaya ya zuba a rafi. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, domin a ciki akwai na zawarawa da na masu sayar da itace. Ruwa ne ke kashe hanyar burji, rami kuwa alamar ciwon ce. Saboda haka tsarin wannan jagora shi ne a fara da ruwa, sannan jikin hanya, sannan alamomi.

Ku fara sanin mai hanyar

Hanyoyin Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Manyan hanyoyin da suka fita daga Jos zuwa Bauchi, zuwa Zariya ta Jengre da Saminaka, ko zuwa Akwanga, na tarayya ne, kuma gyaransu yana wuyan Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da FERMA, hukumar kula da gyaran hanyoyin tarayya da aka kafa a 2002. Waɗannan ba a taɓa su da diga ba tare da izini ba. Hanyar da ta ratse daga kwalta ta shiga ƙauye, da layukan cikin unguwa, yawanci na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Ku riƙe wannan, domin idan kun je sakatariya haƙƙinku kuka je nema. Idan unguwarku ta shiga cikin tsarin birnin Jos da Bukuru, to hukumar raya birnin, wato JMDB, ita ma tana da ta cewa. Kansilanku zai faɗa muku inda kuka faɗa.

Kwamiti da kuɗi

Kada kwamiti ya wuce mutum bakwai ko tara. A nemi albarkar mai unguwa ko dagaci tun farko, amma a bar riƙon kuɗi ga wasu. A sa magini ko birkila, a sa wakilin direbobi da masu babura, a sa mace, domin mata ne suka fi bin hanyar da ƙafa ɗauke da kaya, sun san inda take cin mutum. A ƙasar Filato akwai wani sharaɗi da ba a wasa da shi: duk wanda hanyar ta bi ta ƙofarsa ya ga nasa a cikin kwamiti. Bahaushe, Bafulatani, Birom, Anaguta, Afizere, Rukuba, duk wanda yake wurin. A yi sanarwa a masallaci ranar Juma'a, a yi a coci ranar Lahadi, a sa gayya ranar Asabar. A wurinmu ranakun gayyar nan sun haɗa mutanen da suka daɗe ba su zauna a inuwa ɗaya ba, kuma ina ganin wannan ribar ba ta gaza ta hanyar kanta ba.

Kuɗi kuwa a buɗe musu asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. A raba karo-karo gwargwadon amfani: mai gida da nasa, mai shago da nasa, mai tifar da ke kwasar yashi ko dutse ta hanyar ya fi kowa biya, don shi ya fi kowa cin ta. Wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙarfinsa. Duk ƙarshen wata a liƙa lissafi a ƙofar mai unguwa, a tura hotonsa a zauren WhatsApp. Ranar da aka daina nuna lissafi, ranar mutane ke daina bayarwa.

Ku bi hanyar ana cikin ruwa

Wannan matakin ba ya cin kuɗi, kuma shi aka fi tsallakewa. A Yuli ko Agusta, lokacin da damina ta kankama, mutum uku su ɗauki lema da littafi da waya su taka hanyar daga farko har ƙarshe ana tsaka da ruwa, ko da zarar ya ɗauke. Ku lura da inda ruwa ke fitowa daga gona ko daga kan dutse ya hau hanya, da inda yake bin sawun taya yana gangarawa kamar rafi, da inda yake tsallakawa, da inda yake kwanciya. Ku kafa turke a kowane wuri, ku ba shi lamba, ku ɗauki hoto. Ku auna nisa da igiya mai ƙulli a kowace mita 10. Ku tambayi tsofaffi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa. Wani dattijo ne ya tsayar da mu a wani kwari ya ce, "Yara, nan ba wurin ƙaramin bututu ba ne, na ga ruwa ya kai gindin wancan mangwaron." Muka ce, "Baba, mun ji," kuma da ba mu ji ba da mun sake asara.

Ku rubuta inda bututun ruwa, turakun lantarki ko wayar sadarwa da aka binne suka bi, don kada a fasa su.

Takarda zuwa ƙaramar hukuma

Da wannan littafin za ku rubuta takarda. A aika wa ciyaman ta hannun kansila, a ba daraktan ayyuka kwafi, mai unguwa da shugabannin addini su sa hannu. Kada ku rubuta "a gyara mana hanya" kawai, irin wannan takardar tana kwana a durowa. Ku faɗi tsawon hanyar, yawan wuraren da ruwa ke tsallakawa, makaranta ko asibitin da ke kanta, da abin da kuka riga kuka tara. Sannan ku nemi abu ƙayyadadde: injiniya ya zo ya duba, gireda na kwana biyu, rola na kwana ɗaya, izinin kafa alamomi. Idan za ku iya sayen man gireda, ku faɗa. Ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi. Ku shigar kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, kuma ku riƙa komawa. Jihar Filato tana cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, don haka idan hanyarku tana fitar da amfanin gona ku kai kwafi ofishinsu, ku kai wa ɗan majalisarku na jiha. Amma kada ku zauna jiran amsa. Yashe lambatu ba ya buƙatar kasafin kowa.

Aikin ruwa

Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, tsakanin Afrilu da Oktoba, ga ƙasar tudu da gangare da duwatsun da ba sa shan ruwa. Duk abin da ya sauka gudu yake yi, kuma hanya ce mafi sauƙin bi gare shi idan ba a yi masa tasa ba.

Abu na farko lambatu ne a gefen hanya, hagu da dama, ko kuma ta ɓangaren tudu kaɗai idan hanyar ta bi gefen gangare. Zurfinsa ya kai kamar santimita 30 zuwa 40 ƙasa da bakin hanya, gindinsa mai faɗin shebur, bangonsa a kishingiɗe. Lambatun da aka sare bangonsa a tsaye yakan rufta a ruwan farko. Ku tabbata yana gangarawa zuwa wani wuri. Ba sai da na'ura ba: siririn tiyo mai haske, mita 10 ko 15, a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna masu awo, zai nuna muku bambancin tudu tsakanin wuri biyu. Magina sun san shi. Ƙasar da aka haƙo, idan mai kyau ce a watsa ta tsakiyar hanya, idan baƙa ce ko laka a kai ta nesa. Kada a tara ta a bakin lambatu, ruwa zai mayar da ita ciki.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne mafita. Lambatun da ya yi tafiya mai nisa ba a sauke masa kaya ba yakan zama kwazazzabo ya ci hanyar daga gefe. A kowace mita 20 zuwa 50, gwargwadon tsananin gangare, a yanke ɗan reshe a karkace ya fitar da ruwan zuwa daji ko fili. A nan rigima take, domin ruwan gonar wani zai shiga. Ku zauna da masu gonakin tun kafin a sa diga. Ku nuna musu cewa mafita da yawa na nufin ruwa kaɗan a kowace gona, mafita ɗaya kuwa ita ce ke yanka gonar mutum ɗaya biyu. A zuba duwatsu a bakin kowace mafita don ruwan ya watsu.

Inda gangare ya yi tsanani, ruwan cikin lambatu yakan yi gudu ya riƙa zaizaye gindinsa. Maganinsa ƙananan shingayen dutse a cikin lambatun, kamar matakala, tsakiyarsu ya ɗan fi gefe ƙasa, a jera wasu duwatsun a bayansu inda ruwa zai faɗa. A gangare matsakaici a sa su duk mita 15 zuwa 20, a mai tsanani duk mita 5. Dutse dai Allah ya hore mana shi a Filato.

Sai wurin da ruwa ke tsallaka hanya. Idan kwalbati za a sa, kada faɗin bakin bututun ya gaza santimita 60, kuma 90 ya fi, domin ƙaramin bututu yashi da leda suna toshe shi, ba kuma mai iya shiga ya yashe. A shimfiɗa shi a kan gado mai ƙarfi, ya ɗan gangara kamar santimita 2 a kowace mita, a liƙe mahaɗansa da siminti, a gina masa bango a mashiga da mafita, a jera dutse inda ruwan ke faɗowa. A cike gefensa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, kuma ƙasar da za ta rufe shi ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na faɗinsa. Bututun da aka bari kusa da sama, tifar farko ce za ta fasa shi. Inda rafin mai faɗi ne marar zurfi, wanda ke zuwa bayan ruwa ya wuce cikin awa ɗaya ko biyu, sau da yawa shimfiɗar kankare ko ta jeren dutse da ruwa zai bi ta kanta ta fi kwalbati araha da ƙarko. Amma rafin da ke gudu duk damina, ko mai zurfin da ya kai ƙugu, aikin injiniya ne, kada ku yi masa ƙarfin hali.

Aikin kankare a yi shi da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Haɗin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Iskar hunturu tana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi, saboda haka a rufe shi da buhuna ana jiƙawa safe da yamma aƙalla kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, kada a bar babbar mota ta hau kafin nan, ko mai ita ya yi ta roƙo.

Doron hanya da marmara

Hanyar burji mai lafiya tana da doro: tsakiya ya fi gefe tudu, yadda ruwa zai sauka hagu da dama maimakon ya bi tsawonta. Awon shi ne kamar santimita 5 a kowace mita. Idan faɗin hanyar mita 5 ne, daga tsakiya zuwa baki mita 2.5 ke nan, tsakiya zai fi baki tudu da santimita 12 zuwa 13. Kafinta zai yi muku ma'auni: miƙaƙƙen katako mai mita 2.5, da ƙafa mai santimita 12.5 a kai ɗaya. A ɗora kan da ba ƙafa a tsakiyar hanya, ƙafar a baki, idan katakon ya kwanta daidai to doro ya yi. Ranar da gireda ta zo ku tsaya tare da direban da wannan katakon. Idan ba a tsaya ba, wasu sukan share hanyar ta yi sumul kamar faranti, su bar tudun ƙasa a gefe biyu, hanya ta koma kwarin da ruwa zai bi. Kuma kada a kawo gireda a tsakiyar rani ƙasa ta bushe ƙurmus. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko bayan ruwan farko na Afrilu, lokacin da ƙasa ke da danshi, shi ne lokacinta.

Ba kowace jar ƙasa ce marmara mai kyau ba. Mai kyau tana da tsakuwa, da yashi, da ɗan yumɓun da zai riƙe su. Ku je ramin da kanku kafin a fara lodi. Ku jiƙa kaɗan ku dunƙule a hannu: idan ta watse yashi ya yi yawa, idan ta manne tana santsi yumɓu ya yi yawa, idan ta dunƙule kana jin tsakuwa tana sukar tafinka to ita ce. Dutsen da ya fi ƙwan kaza girma a fasa shi ko a tsince. Yashin da aka bari a tsoffin wuraren wankin kuza yana kusa kuma yana da araha, amma ba ya kama jiki, ku bar shi.

Lissafi kuwa mai sauƙi ne. Tsawon mita 100, faɗin mita 5, kaurin santimita 15 bayan daɓe, ya ba da kubik mita 75 (wato tsawo sau faɗi sau kauri, duk a awon mita), sai a ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu saboda ƙasa tana zama idan an daɓe. Ku auna tsawo da faɗi da zurfin bodin tifar ku san abin da take ɗauka, ku sa mutum ya riƙa ƙirga sawu yana duba cikarta. Idan kuɗi bai kai duk hanyar ba, a zuba wa wuraren da suka fi muni cikakken kauri. Shafa kaɗan-kaɗan ko'ina zubar da kuɗi ne.

Rami kuma ga yadda ake cike shi. A kwashe ruwa da taɓon ciki, a sare bakinsa a tsaye har a kai ƙasa mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a zuba marmara mai danshi kamar santimita 7 zuwa 10, a daɓe, a ƙara, a daɓe, har ya ɗan fi hanya tudu. Idan babu rola, madaɓin da aka yi da kankare a cikin tsohon gwangwanin fenti da sanda a tsakiya yana aiki. Shara, ɓaraguzan bulo da baƙar ƙasa ba sa cike rami.

Alamomi

Da zarar hanya ta yi kyau gudu zai ƙaru. Wannan na gani da idona: wata biyu bayan gyaranmu babur ya buge yaro a gaban makarantar Islamiyya, Allah ya taƙaita ya tsaya a karaya. Don haka kuɗin alamomi a ware shi tun farko.

Ku sake taka hanyar, wannan karon da direba da mai babur, sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare. Ku rubuta makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da coci, kwana mai ɓoye abin da ke gaba, ƙaramar gada, burtalin da shanu ke tsallakawa (ardo zai nuna muku), da mahaɗar da hanyarku ta hau kwalta. A ƙasarmu akwai ƙari guda: tsoffin tafkunan kuza da ke dab da hanya, masu zurfi da bakin da ke ruftawa. Waɗannan suna son alama da jeren turaku masu farin fenti, haka ma kan kowane kwalbati, domin a hazon Disamba da Janairu ko a ruwan dare ba a ganin baki.

Kada mai fenti ya zana abin da ya ga dama. Dokokin hanya na Najeriya sun tsara siffofin: alamar gargaɗi mai kusurwa uku ce da jan baki, ta hani da'ira ce da jan baki, ta umarni shuɗiyar da'ira, ta bayani mai kusurwa huɗu, ta tsayawa kuwa ja ce mai gefe takwas. Direban da ya zo daga Kano ko Legas siffar yake karantawa kafin rubutu. Ku je ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, mafi kusa da ku da jerin wurarenku, ku nemi shawara kan irin alamar da ta dace, ku kuma sami amincewar ƙaramar hukuma a rubuce. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, amma a gaban makaranta ku nemi a amince da 30. Mai gudun 50 yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai 30 kuwa mita 8 da ɗoriya, kuma a wannan tazarar ran yaro yake. A ƙasan alamar za a iya ƙara ƙaramin allo da Hausa da Turanci, kamar "Makaranta, a rage gudu".

Farantin ya kai santimita 60 zuwa 75, kuma a liƙa masa ledar nan mai mayar da hasken fitila. Fenti zalla ba ya ganuwa da dare, ya kuma koɗe cikin damina biyu. Tsoffin alamomin da suka koɗe, idan ƙarfensu na nan lafiya, a goge a sake liƙa musu, ya fi sayen sabo araha. Turken ya zama bututun ƙarfe mai inci 2, a binne shi kamar santimita 60 cikin kankare, a yi masa waldar guntun rodi a gicciye a gindi don kada a zare shi, a kuma kashe notocin da walda saboda masu kwasar ƙarfe. A kafa a hannun dama na mai tahowa, aƙalla santimita 60 daga bakin hanya, ba cikin lambatu ba, ƙasan farantin ya kai kamar mita 2 daga ƙasa inda mutane ke wucewa. Alamar gargaɗi tana zama mita 50 zuwa 100 kafin wurin haɗarin. Wadda aka kafa a kan kwanar kanta ta makara. Kada kuma a cika su, guda shida a inda ya dace sun fi ashirin da ido zai saba da su.

Allon sunan layi yana da amfani ga motar asibiti da baƙo, amma raɗa suna aikin ƙaramar hukuma ne, kuma a nan Jos suna yana iya tayar da abin da ya kwanta. Ku daidaita a tsakaninku, ku kai a amince.

Tudun rage gudu

Bayan kowane haɗari matasa sukan fito cikin fushi su jera kututture ko su gina siririn tudu mai tsini. Na fahimci zafin, amma irin wannan tudun yana kayar da mai babur da dare, yana wahalar da mai ciki da marar lafiya, yana kuma tare ruwa. Tudu na ƙa'ida tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10 ne, faɗinsa ta inda mota ke hawa ta sauka kusan mita 3.7. Ba a sa shi a kwana ko a tsakiyar gangare, ba ya toshe lambatu, kuma dole alama ta gabace shi ta kowane ɓangare, da turaku masu fenti a gefensa. A hanyar tarayya ko ta jiha kada ku gina da kanku, ku rubuta wa masu ita.

Bayan an gama

Ku raba hanyar gida-gida ko layi-layi, kowa ya san iyakar lambatun da ke wuyansa. Gayya biyu a shekara ba fashi: ɗaya a ƙarshen Maris kafin ruwa ya sauka, a yashe lambatu da mafita da kwalbatoci, ɗaya a Oktoba a cike abin da damina ta ci a gyara doro. Tsakaninsu, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, mutum biyu su zaga da shebur washegari. A Agusta da Satumba a sare ciyawa da rassan da suka rufe alamomi, da rani a wanke musu ƙura. Ku yi yarjejeniya da masu tifa su daina shiga da lodi a ranar da aka yi ruwa da washegarinta. A bar wani abu a asusu, ko da kuɗin tifa biyu na marmara ne, a jibge ta a gefen hanya kusa da wurin da ya fi saurin lalacewa. A jikin allon da ke mahaɗar kwalta kuma a rubuta 122, lambar kiran gaggawa ta FRSC, da manyan lambobi yadda mai wucewa zai iya karantawa.